Bencin Baya

A majami'ar ƙauyenmu, can gefen Malikanchi a ƙasar Ikara, a da akwai wani benci da ake ajiyewa daf da ƙofa, bayan sauran duka. Katakon maɗaci ne, ƙafarsa ɗaya ta gaza, sai an tokare ta da dutse. Ba a rubuta komai a jikinsa ba, amma har yara sun san ko na su wane ne. Na waɗanda aka sa a horo ne, da waɗanda aka hana baftisma. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, ya shekara 24 a kansa.

Bamaguje ne gaba da baya. Ya tashi a babban gida na gandu, inda magidanta ke noma tare, mata kuma kowace da gayaunarta. A ƙofar gida akwai wurin tsafi, kuma kowace shekara kafin a taɓa sabon hatsi sai an zubar da jini an zuba giya. Ya sha gaya mini cewa shi bai taɓa ƙaunar iskoki ba, kuma bai taɓa jin wanda ya ce yana ƙaunarsu ba. Ciniki ne kawai. Ka ba su jan zakaransu, su bar maka 'ya'yanka. In yaro ya kwanta ciwo, to an rage musu wani abu, sai a je a bincika a cika. Ƙanensa ya musulunta wajen 1964, zamanin da Sardauna ke zagaya ƙauyukan Maguzawa, ya koma cikin gari. Shi kuwa ya zauna da zakarunsa har 1974, lokacin da masu bishara na Sabon Rai Don Kowa suka fara shigowa ƙauyenmu a kan kekuna, suna koya wa mutane karatu da hasken aci-bal-bal.

Tambayarsa ta farko ga mai bishara ita ce, "Malam, me zan kawo?" Malam ya ce ba komai, an riga an biya. Baba Tsoho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wanda ba ya karɓa, anya yana bayarwa?" Har ya tsufa in ya tuna wannan sai ya yi dariya, amma ni yanzu ina ganin tambayar ta fi yawancin wa'azin da na ji nauyi.

Kalmar da Littafi Mai Tsarki ya ba mu don wannan kyauta ta Allah ita ce alheri. Tun fassarar 1932, wadda Likita Mila na Zariya ya jagoranci aikinta, da ita muke sujada, da ita ake sallamar mu a ƙarshen addu'a. Kalma ce mai daɗi, sai dai ta iso majami'a ɗauke da kayanta na gida. A wurinmu alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato wanda ka yi wa zai rama, ko shi ko ɗansa. Kuma ba inda wannan ya fi fitowa fili kamar a biki. Kakata Iya ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ta riƙe lissafin biki na shekara talatin a ka. Ta san wadda ta kawo mata kwano biyu na gero ranar sunan Babana, ta san sai ta mayar da huɗu ranar auren 'yar matar. In wata ta kawo abin da ya fi ƙarfinta, Iya ba ta murna, sai ta kwana tana juyi, don an ɗora mata kaya ke nan. Mutanen da suka tashi a haka ne aka ce wa Allah ya yi musu alherin da ba shi da iyaka. Me kake tsammani za su ji? Bashi suka ji, bashin da ba ranar gama biyansa.

Sai muka shiga biya. Aka fasa tulunan giya, aka ƙone layu da kambuna a bainar jama'a. Aka daina zuwa gona ran Lahadi ko da kuwa ruwan shuka ya sauka daren Asabar, abin da ba ƙaramar sadaukarwa ba ce ga manomi. Aka haddace amsoshin ajin baftisma. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na ga gidajen da barin giya ya tsayar da su da ƙafafunsu, na ga matan da suka huta da duka. Amma a zukatanmu girma cikin bangaskiya ya koma jerin abubuwan da mutum ya bari, kuma wanda ya fi bari shi ne babba. Mun sauya wanda muke ciniki da shi, cinikin kuwa yana nan.

A nan Baba Tsoho ya maƙale. Matansa biyu, uwargida da Iya. Dattawan ikilisiya suka ce ya sallami ta biyu a yi masa baftisma. Ba su suka ƙago dokar ba. Tun a taron Lambeth na 1888 bishop-bishop na Anglikan suka yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ya tsaya a matsayin mai koyo, kuma yawancin mishan da suka shigo Arewa, ko da ba Anglikan ba ne, a kan wannan layi suka tafi. Sai a taron 1988 aka sassauta, bayan shekara 100, kuma sassaucin bai iso ƙauyuka irin namu da wuri ba. Baba Tsoho ya ce ya ji, amma matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar, iyayenta sun mutu, ina za ta? Aka yi wa uwargida baftisma. Shi da Iya aka nuna musu bencin baya, shi a wannan gefe, ita a wancan.

Bai yi fushi ya daina zuwa ba, abin da da yawa suka yi. Shi ke fara isowa. Shi ya ba da gungumen da aka yi wa majami'ar ƙofa. Ranar godiyar kaka damin dawarsa ya fi na kowa. In an zo Jibin Ubangiji sai ya sunkuyar da kai har a gama, ya tashi ya gaisa da mutane. Kuma yana sauraron wa'azi da kunnen manomi. Ranar da aka karanta misalin nan na Matiyu sura 20, na mai gonar da ya ɗauki 'yan ƙwadago wasu da asuba wasu da la'asar, ya biya su daidai wa daida, sai da muryarsa ta fito daga baya: "Wannan mai gona gobe ba zai ga kowa da safe ba." Majami'a ta fashe da dariya, har Malam.

Ni na shiga makaranta a 1976, da ilimin firamare kyauta, na wuce sakandare a Zariya, na shiga ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, na dawo gida da wuta a baki. Na iya ayoyi, na iya azumi, na iya addu'a da Turanci. A idona mutanen ƙauye jarirai ne a ruhaniya, kakana kuwa ko haihuwarsa ba a yi ba. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, kuma na fake da wasan na gaya masa maganar da har yau in na tuna sai in ji kunya. Na ce, "Baba Tsoho, ka zaɓi mace a kan Almasihu." Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Ya ce, "Abokina, wace macen? Wadda ta haifi ubanka?" Na yi shiru. Wallahi, da duk karatuna, ban taɓa haɗa lissafin ba cewa matar da nake so a kora ita ce ta goya ni.

A 1993 aka ba ni ajiyar kuɗin matasa, waɗanda muke tarawa don sayen ganguna da fitilar gas. Ƙasarmu ƙasar tumatir ce, kowa ya sani, kuma duk wanda ya taɓa noman rani ya san yadda tumatir ke yi da mutum. Na ce bari in juya kuɗin sati uku, in sari kwanduna in tura Kudu, in mayar da uwar kuɗi, riba kuma in ba da zakka a kai. Har zakkar na lissafa. Sai kaya suka yi yawa a kasuwa, mota ta lalace a hanya, kwanduna suka zama ruwa. Da aka zo sayen ganguna ba ni da abin nunawa. Dattawa suka zauna, aka karanta sunana a gaban jama'a, aka ba ni horon wata shida.

Lahadin farko na yi niyyar in ƙi zuwa. Babana ya ce in ban je ba in nemi wani uban. Na shiga a makare, kaina a ƙasa, ina jin idon kowa a ƙeyata duk da kowa gabansa yake kallo. Baba Tsoho na zaune a inda ya saba, da hularsa a gwiwa. Ya matsa gefe, ya share ƙurar wurin da tafin hannu, ya ce a hankali, "Zauna, abokina. Nan ma ana ji." Da na zauna bencin ya karkata, sai ya sa ƙafa ya gyara dutsen, kamar wanda ya yi hakan sau dubu. Bai ƙara cewa komai ba. Da aka tashi ya zaro guntun rake daga aljihun 'yar-shararsa ya karya a gwiwa, ya ba ni gindin, ya riƙe kan. Duk ɗan ƙasar Makarfi da Kudan ya san gindin rake ne mai zaƙi, kan kuwa lami ne, na yara da awaki.

Na jira ya rama. Wata shida ina jira ya tuna mini da maganar da na yaɓa masa, ko da cikin wasa, don yana da iko, kuma da ya yi da na ji sauƙi, da mun yi biki mun rabu ba bashi. Bai taɓa yi ba. Ya sayar da ɗan bijiminsa ya cika abin da na kasa biya, ya hana a gaya mini, sai bayan shekara biyu Iya ta yi suɓul da baka. Da na je in yi godiya, in ce zan biya, sai ya ce, "Ka biya wa? Bijimin ya riga ya zama kilishi."

A kan bencin nan na fara fahimtar abin da nake ta haddacewa. Manzo Bulus ya rubuta wa Afisawa cewa ceto kyauta ne, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya sami abin taƙama, kuma na iya wurin tun ina aji biyu. Amma a zuciyata na ɗauka alheri ƙofa ce kawai, ka shiga kyauta, daga nan kuma sai ƙarfinka. Ban san cewa wanda ya shekara 40 a cikin bangaskiya yana ci daga kwano ɗaya da wanda ya tuba jiya ba. Kakana ya sani, don shi ba a taɓa ba shi damar taƙama ba. Ba ya cin Jibi, ba ya cikin dattawa, ba ya ko iya karanta Littafin sai an karanta masa. Duk abin da muke auna girma da shi an hana shi. Abin da ya rage masa shi ne ya zo hannu wofi kowace Lahadi, ya karɓa. Kuma wanda ya daɗe yana karɓa haka, na lura, hannunsa kan saki. Ba ya iya riƙe laifin wani da ƙarfi.

Ba ina cewa dattawan sun yi daidai da suka ajiye shi a can ba. Ba su yi ba, a ganina, kuma alherin da Allah ya fitar daga abin bai wanke su ba. Ba kuma ina cewa horo banza ne ba. Ni na ci kuɗin mutane, wata shidan nan hakkina ne.

Baba Tsoho ne kuma ya fara ba ni labarin Gimi, da ke nan ƙasar Makarfi, ko da yake sai daga baya na san shi dalla-dalla. A Kano, wajen tsakiyar ƙarni na 19, an yi wani Malam Ibrahim da ya dage a kan girman Annabi Isa har aka kashe shi, almajiransa da ake kira Isawa suka watse. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila a Zariya, aka kafa musu ƙauyen Kirista a Gimi, da makaranta da gonaki, ƙarƙashin wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson. Mutane ne da suka bar dangi da gari saboda abin da suka gaskata. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa musu, ya yi musu kisan kiyashi, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa da aka kafa a 1929. Cutar nan ta ƙudan tsando ta addabi yankin ƙwarai, ita ce ma ta sa daga baya Turawa suka tashi mutanen Anchau suka gina musu Takalafiya.

Na sha jin masu wa'azi suna ɗaukar labarin nan suna ɗaure shi da kyau. Sukan ce dubi yadda Allah ya biya, daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Gaskiya ne an same shi, kuma abin alfahari ne. Amma ba na son lissafin. Uwar da ta binne 'ya'ya uku a Gimi ba a biya ta da farfesa ba. In alheri biki ne, to mutanen Gimi sun kai gudummawa ba a mayar musu ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne waɗanda suka fito daga can da ransu ba su ce an cuce su ba, suka ci gaba da sujada. Baba Tsoho ya ce, "Da iskoki ne, da sun canza boka."

Uwargida ta rasu da damina a 1998. Bayan wata uku dattawa suka aiko cewa yanzu ba abin da ya hana. Aka yi masa baftisma tare da Iya a rafi, yana da shekara wajen 80, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Mata na guɗa, 'yan Zumuntar Mata na kaɗa tulu. Da dare na same shi a zaure shi kaɗai, na ce, "Baba Tsoho, yau sai murna." Ya ce, "Ina murna. Amma sai da aka binne mutum aka buɗe mini ƙofa, kuma ita ce ta fi kowa roƙa mini wannan rana." Lahadin da ta biyo aka kai shi bencin gaba. Ya zauna sau biyu, ya koma baya. Ya ce a gaba iska ba ta shigowa.

Yau abubuwa sun canza har ba a magana. Majami'ar laka ta zama ta bulo da kwano, da janareta da lasifika. Ikara ta sami dayosis ɗinta na Anglikan, da bishop ɗan ƙasa, Yusuf Janfalan. ECWA da Baptis da Katolika duk suna da 'ya'yan Maguzawa a kan bagadi, abin da kakana bai yi mafarkinsa ba. Muna kiran kanmu Masihiyawa ba tare da sunkuyar da kai ba. Yaranmu na da Littafi Mai Tsarki a waya. A wayar kuma suke sauraron masu wa'azin birni da ke cewa ka shuka iri na naira kaza, Allah ya ninka maka. Ranar da na fara jin wani ɗan ƙanena yana lissafin abin da zai girba, sai na ga jan zakaran kakana ya dawo, an dai cire masa gashi an sa shi a ambulan. Wani sashen kuma sun gano kalmar alheri sun mai da ita katifa, ba mai tsawata wa kowa, horo ya zama abin kunyar ambata, wai kada a kori masu baiko. Na fi jin tsoron na farkon, don na san daɗinsa. Har yau in na yi azumi sai in ji wani abu a cikina yana miƙa wa Allah takardar bashi.

A watan Afrilu na 2011, da rikicin bayan zaɓe ya tashi, Baba Tsoho ya riga ya kwanta dama da shekara bakwai. 'Ya'yan ƙanensa, waɗanda suka tashi Musulmi a cikin gari, su suka zo da babura da dare suka kwashe tsofaffinmu da yara, Iya a cikinsu, suka ajiye su a gidajensu kwana huɗu. Da ƙura ta lafa Iya ta shiga damuwarta ta kullum, me za a kai musu? Ta sa aka auna buhun masara. Babban cikinsu ya dawo da buhun a kan babur, ya durƙusa ya ce, "Iya, Baba ya riƙe ubanmu shekara biyu lokacin da ya karye, bai karɓi ko ƙwaya ba. In na karɓi wannan ban san inda zan sa fuskata ba." Ba wanda ya san da wannan zance a gidanmu, har Babana. Iya ta yi shiru, ta ce a mayar da buhun rumbu. Ina jin wannan ne lissafi ɗaya da ta bari bai rufu ba har ta mutu.

Da Kirsimetin bara na je gida. An cika majami'a da kujerun roba, farare da shuɗɗa, kowa ya zauna inda ya ga dama. Na tambayi mai shara ina tsohon bencin, ya nuna mini gindin mangwaro. Yana can, ruwa da rana sun mai da shi toka-toka, an ɗaure ƙafar da waya. Wata yarinya ta jera rake a kansa tana sayarwa, yara huɗu sun zauna a ɗaya gefen suna sha suna tofar da tuka. Na sayi sanda ɗaya, na ce su matsa mini. Da na zauna ya karkata, na duba ƙasa ina neman dutse.